Toyi Ba Gobara Ba Ne: Nazarin Zaman Wuta da Tsirrai Daga Agege Zuwa Arewa

Gabatarwa

Ni haifaffen Agege ne, a Zango aka yanke mini cibiya, kuma har na kai shekara goma ban taɓa ganin daji yana ci da wuta ba. Wutar da na sani ita ce ta murhu, da ta masu tsire a bakin titi, da ta masu babbakar fata a mayankar Oko-Oba, sai kuma wadda ba a fata, wato gobarar gida ko ta kasuwa, wadda in ta tashi a unguwa mai cunkoso irin tamu sai dai salati. A watan Disamba na 2013 kakana ya ɗauke ni a jirgin ƙasa za mu Kano. Cikin dare, bayan mun wuce Ilori mun doshi Jebba, na leƙa taga na hango wani jan layi ya miƙe a cikin duhu, tsawonsa ya fi ƙarfin ido. Na zabura na ce, “Kaka, gobara!” Tsohon ko gyara zama bai yi ba. Ya ce, “Kai abokina, kwanta. Wannan ba gobara ba ce, toyi ne.”

A lokacin na ɗauka wasan jika da kaka ne. Sai da na shigo wannan sashe na fara koyon nazarin ma'ana, sannan na gane cewa tsohon darasi ya ba ni, kuma darasin bai tsaya ga harshe kaɗai ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa bambancin da Bahaushe ya yi tsakanin waɗannan kalmomi biyu yana da tushe a yadda wuta da tsirrai suke zaune da juna a ƙasarmu, kuma ɗalibin harshe da bai san wannan zama ba zai riƙa yin kuskure a fassara.

Kalmomin tukuna

Gobara wuta ce da ta zo ba a gayyace ta ba, ta ci abin da mutum ya tara. Shi ya sa ake zuwa jajen gobara, a ce “Allah ya mayar da alheri.” Toyi kuwa, daga aikatau toya, shi ne sa wa daji wuta da gangan idan ciyawa ta bushe. Ban taɓa jin an je wa wani jajen toyi ba, sai fa in wutar ta ƙetare iyaka ta faɗa wa rumbu ko tarin dawa, kuma a daidai wannan lokaci sunanta yake sauyawa ta koma gobara. Ke nan ba girman wuta ne ya raba kalmomin ba, abin da ta ci ne da kuma niyyar da ta tashe ta.

Sai aikatau ƙona. Waɗanda suka yi darasin giredin aikatau na Parsons za su tuna cewa ƙona giredi na ɗaya ne, ƙone kuwa na huɗu, mai nuna aiki ya game abu gaba ɗaya. “An ƙona daji” daban, “daji ya ƙone” daban, in kuma aka ƙara amsa-kama aka ce “ya ƙone ƙurmus”, to ba a bar komai ba. Akwai kuma babbaka, wato wuta ta lashe gashi ko saman abu ta bar jikinsa, kamar yadda ake yi wa kai da ƙafa da ganda a Oko-Oba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe babbaka da ƙurmus, domin za mu koma kansu.

Kalmomi biyu na ƙarshe su ne daji da kurmi. Daji fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, rana tana kai wa ƙasa. Kurmi kuwa itatuwa ne suka haɗa kai suka rufe sama, ƙasansu duhu da danshi. Har yau in Bakano ya ce ɗansa ya tafi Kurmi, kudu yake nufi, irin su Ikko da Badun. Mu Hausawan Agege, in an bi wannan ma'ana, 'yan Kurmi ne.

Abin da ya kawo mu Kurmi

Goro ne ya tara kakanninmu a Agege. Layin dogo daga Ikko ya isa Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, kuma a farkon wannan ƙarni na 20 manoman yankin Agege da Ota suka rungumi noman goron da Hausawa suke so, wanda a da sai an yi fataucin watanni zuwa Gwanja kafin a samo shi. Tashar jirgi ga ta, gonakin goro ga su, sai Zango ya kafu. Daga baya shanu suka riƙa gangarowa daga Arewa, goro yana hawa.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan hajoji biyu 'ya'yan gida biyu ne masu saɓanin ra'ayi game da wuta. Itacen goro ɗan kurmi ne. Yana son inuwa tun yana ƙarami, yana son danshi, ɓawonsa ba kauri, wuta kaɗan ta isa ta illata shi. Hatta ganyen fita da ake naɗe huhun goro da shi a ƙarƙashin inuwa mai laima yake fitowa. Saniya kuwa 'yar daji ce, abincinta ciyawa, ciyawar kuma, kamar yadda za mu gani, wuta ce take tsare mata fili. Ashe fatake suna tsaye ne da ƙafa ɗaya a ƙasar da wuta take abokiyar gaba, ɗaya ƙafar kuma a ƙasar da wuta take abokiyar zama.

Yadda ciyawa take kiran wuta

Wuta ba ta tashi sai da abin ci, da iska, da abin da zai kunna ta. A dajin tsakiyar Nijeriya, wato jihohin Kwara da Neja da Binuwai da Taraba da kudancin Kaduna, damina tana da tsawo har gamba takan fi mutum tsayi. Da ruwa ya ɗauke sai hunturu ya sauko da busasshiyar iskarsa, cikin 'yan makonni wannan ciyawa ta zama makamashi shimfiɗe a fili. Abin da ya rage ashana ce kawai, ita kuwa ba ta wuya. Makiyayi yana so, maharbi yana so domin ya koro zomo da gyazbi da gafiya (mai karatu ya tuna da “gafiya tsira da na bakinki”), mai shan zuma yana tafe da bakin wuta, manomi yana sassabe, mai taba kuma ya yar da guntu ya wuce.

To, me ya sa ciyawar ba ta ƙarewa, alhali kowace shekara sai an toye ta? Dalili shi ne, gamba da tofa da ire-irensu ransu ba a ganye yake ba. Idon da suke tohowa daga gare shi yana can gindin tushe, daidai da ƙasa ko a cikinta, kuma kafin rani sun riga sun janye abincinsu sun adana a saiwa. Wutar ciyawa kuma mai sauri ce, takan wuce wuri cikin ɗan lokaci, zafinta sama yake yi, ba ya ratsa ƙasa sai ɗan kaɗan. Abin da ta ci mataccen kara ne. Bayan kwanaki sai ka ga kore ya ɓullo daga cikin baƙar toka, ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Wannan toho shi Bafulatani yake nema, domin busasshiyar gamba ba ta da wani amfani a cikin saniya, sabon toho kuwa yana da shi.

Itatuwan daji su ma sun yi shirinsu. Duk wanda ya taɓa shafa jikin kaɗanya ya san ɓawonta kauri gare shi, a tsattsage kamar bayan kada. Wannan sulke ne, yana hana zafi isa ga ɗanyen naman itacen da ke ƙarƙashi. Haka baushe da maje da ƙirya da taura, kowanne da irin tasa rigar. Misalin da ya fi burge ni shi ne namijin kaɗe. Yana da ɗan'uwa na jini a kurmi, wanda 'yan katako suke kira eki, dogo sambal mai tauri, har da shi ake yin katakon shimfiɗar layin dogo. Namijin kaɗe bai kai shi tsawo ba, ga shi a karkace, amma ya fi shi kaurin ɓawo nesa ba kusa ba. Ɗaya ya zuba ƙarfinsa a tseren neman rana, ɗaya ya zuba a sulke.

Wahalar tana kan ƙananan itatuwa. Ɗan itacen da bai wuce tsayin harshen wuta ba, duk shekara sai a ƙone shi har ƙasa. Ba ya mutuwa, sai ya sake tohowa daga saiwa, wata shekara a sake ƙone shi. Kalgo da gwandar daji da taura sukan yi shekaru a haka, sama ɗan tsiro kamar na bana, ƙasa kuwa saiwa kamar cinyar mutum. Sai an sami shekara biyu ko uku wuta ba ta biyo ta wurin ba, sannan ya yi wuf ya miƙe ya wuce inda harshenta yake kaiwa, daga nan ya tsira. Saboda haka wuta ba ta cika kashe manyan itatuwan daji ba, hana ƙanana girma take yi. Da haka fili yake zama a buɗe, rana ta sami ƙasa, ciyawa ta yi tsawo, wuta ta sami abin ci baɗi. Ciyawa tana ciyar da wuta, wuta tana share wa ciyawa fili.

Kurmi kuma nasa zagayen ne a juye. Inuwa tana kashe ciyawa, ganyen da ya zuba yana riƙe danshi, iska ba ta ratsawa, in wuta ta zo bakinsa sai ta rasa abin kamawa ta mutu. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2011, wanda aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa idan rassan itatuwa suka rufe kimanin kashi 40 cikin 100 na sama, wuta takan kasa yaɗuwa. Ya kuma nuna cewa a inda ruwan shekara yake tsakanin milimita 1,000 da 2,500, wuri ɗaya yana iya zama daji, yana kuma iya zama kurmi. Ruwa bai yanke hukunci ba, wuta ce alƙali.

Gwajin Olokemeji

Ba sai mun je wata ƙasa neman hujja ba. A kan tsohon layin dogon da muka bi, tsakanin Abekuta da Badun, akwai wata ƙaramar tasha a gefen kogin Ogun mai suna Olokemeji, kuma a nan akwai ɗaya daga cikin tsofaffin gandayen daji na gwamnati a Nijeriya. Wurin yana daidai inda kurmi da daji suka yi iyaka, ruwansa wajen milimita 1,200 a shekara. A 1929 ma'aikatan gandun daji suka yanki filaye uku a cikin dajin, maƙwabtan juna, ƙasa iri ɗaya, ruwa iri ɗaya. Na farko ana toye shi kowace shekara a farkon rani. Na biyu ana toye shi a ƙarshen rani, dab da faɗuwar damina. Na uku kuwa aka kewaye shi aka hana wuta shiga sam. Don sauƙin bayani zan kira na farko toyin kaka, na biyu toyin bazara. Ni na raɗa musu waɗannan sunaye, kada wani ya je nemansu a ƙamus.

Bayan shekara 28 aka ƙirga abin da ke ciki, masana biyu, Charter da Keay, suka wallafa sakamakon a 1960. Filin da aka hana wa wuta ya rufe, itatuwan kurmi masu tsoron wuta sun shigo sun yi yawa, ciyawa ta kusa ɓacewa. Filin toyin bazara ya zama fili fetal mai doguwar ciyawa, itatuwansa 'yan kaɗan, su ma sai masu sulke. Filin toyin kaka ya tsaya a tsakani: ciyawa tana nan, amma itatuwa sun fi na bazara yawa, irinsu ma ya fi yawa. Turawan Faransa sun kafa irin wannan gwaji a Kokondekro kusa da Buwake a ƙasar Kwaddebuwa a 1936, kuma abin da ya fito can bai saɓa wa na Olokemeji ba.

Sau ɗaya na wuce Olokemeji, ina yaro, ban ma san da wannan labari ba. Abin da na tuna kawai masu tallar ayaba.

A nan ne babbaka da ƙurmus suke dawowa. A farkon rani ciyawa ba ta gama bushewa ba, da dare akwai raɓa, wutar takan tafi a hankali, gajeriya, ta ci nan ta tsallake can, yamma ta yi ta mutu da kanta. Babbaka ce. Tana barin tsibirai na ciyawa inda ƙananan dabbobi da 'ya'yan itatuwa za su fake, kuma wurin da ta riga ta lashe ya zama katanga ga wutar da za ta zo daga baya. A watan Fabrairu da Maris kuwa komai ya bushe ƙayau, ga zafi ga iska, harshen wuta yakan kai rassa, a daidai lokacin da itatuwa da yawa suka fara fitar da sabon ganye da fure. Wannan ita ce ƙurmus. Ta bar ƙasa tsirara, ruwan farko mai ƙarfi ya zo ya kwashe tokar da ƙasar saman ya zuba a rafi. Ko da ma can toka ba ta mayar da duk abin da wuta ta ɗauka. Gishirin da ke cikinta yana komawa ƙasa, amma sinadarin naitirojin, wanda manomi yake saye da tsada a buhun yuriya, yawancinsa hayaƙi yake bi.

Don haka tambayar “toyi yana da kyau ko ba shi da kyau?” a ganina tambaya ce maras kai. Sai an ce wane toyi, a wane wata, a wace ƙasa.

Inda lissafin yake sauyawa

Kada ɗan'uwa mai karatu ya ɗauki abin da na faɗa ya kai shi Maraɗi. Can ruwan shekara bai fi wajen milimita 500 ba, kuma wani bincike na 2005 a mujallar Nature ya nuna cewa a Afirka, inda ruwa bai kai milimita 650 ba, ƙarancin ruwan ne da kansa yake taƙaita itatuwa, ba a bukatar wuta ta yi wannan aiki. Ciyawar can, irin su ƙarangiya, 'yar shekara ɗaya ce, daga iri take fitowa, in ta bushe ta mutu ke nan. Busasshiyar nan ita ce rumbun makiyayi har damina. In wuta ta cinye ta babu wani toho da zai biyo baya, sai baƙar ƙasa da yunwar dabbobi. Shi ya sa a yankunan kiwo na Nijar, kamar wajen Dakwaro da arewacin Tawa, ake fita bayan damina a share dogayen layuka a cikin ciyawa domin su datse wuta. A can, wutar daji gobara ce ko da wa ya kunna ta.

A karkarar Kano kuwa wutar ce ba ta samun abin ci. Kara an kwashe don danni da girki, harawa an ɗaure an ɗora a kan itace, abin da ya saura awaki sun kalace. Wannan ba a Kano kaɗai ba ne. Afirka ce take da kimanin kashi 70 cikin 100 na duk filin da wuta take ci a duniya kowace shekara, amma nazarin hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna filin da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, kuma babban dalili shi ne gonaki suna cinye daji.

Kurmi ma ba a ce ba ya ci da wuta ba. In fari ya yi tsanani, ko an sassare manyan itatuwa rana ta shiga, yakan kama, kuma da yake itatuwansa ba su da sulke, ɓarnar takan yi muni. Tsofaffin 'yan goro ba su manta da 1983 ba, shekarar da fari da wuta suka haɗu suka cinye gonakin koko da na abinci masu ɗimbin yawa a Gana. In irin wannan ta maimaitu a wuri, tofa takan shigo ta kafa sansani, ita kuma tofa kowace shekara sai ta kira wuta, kurmin ya kasa komowa.

Gamba a baƙon wuri

Ga wani abu da zai yi wa ɗaliban aron kalmomi daɗi. Kalmar gamba ta shiga Ingilishin Ostireliya, da wannan suna suke kiran ciyawar har a takardun gwamnati. An kai ta arewacin ƙasar a shekarun 1930 domin kiwon shanu, ta sami wuri ta baje. Ciyawar can ta asali gajeriya ce, wutarta mai sauƙi, itatuwan turare da ke wurin sun saba da ita. Gamba ta zo ta ninka makamashin sau da yawa, ga tsawo, ga ta ba ta bushewa sai can ƙarshen rani, sai wutar ta riƙa hawa har ƙololuwar itatuwa tana kashe su. A 2012 gwamnatin ƙasar ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Ciyawar da muke saƙa zana da ita, wadda kaɗanya da baushe suka san yadda ake zama da wutarta, a can ta zama annoba, don itatuwan wurin ba da ita suka tashi ba.

Komawa ga fassara

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu a mujallar ɗaliban harshe shi ne yadda nake jin kafofin watsa labarai suna amfani da “gobarar daji” ga kowace wuta da ta tashi a bayan gari. Idan wuta ta cinye gidaje a Kalifoniya ta Amurka, kamar yadda ta yi a Los Anjalas a Janairun 2025, gobara ce, babu gardama. Amma idan ma'aikatan gandun namun daji suka kunna wa ciyawa wuta a watan Nuwamba da nufin kare itatuwa daga wutar Maris, mai fassarar da ya ce “gobara ta tashi” ya juya labarin, ya mai da magani cuta. Kalmar da ta dace tana nan a bakin tsofaffi, mu ne muka bar ta. A Agege na gwada tambayar samari goma sa'o'ina ma'anar toyi, takwas suka ce ai ƙosai ake toyawa.

Na tabbata kuma toyi ba ita kaɗai ba ce. Dole a sami sunan filin da aka riga aka toye, da sunan ciyawar da ta toho a cikinsa, da sunan layin da ake sharewa a kewaye rumbu ko tarin amfanin gona, kuma da wuya Basakkwace da Bazazzagi da Bagobiri su kira su da suna ɗaya. Ni ɗan Kurmi ne, kakan da zan tambaya kuma Allah ya yi masa rasuwa. Waɗanda za su gida hutun Disamba, musamman 'yan Kwantagora da Birnin Gwari da Lafiya inda ake toyi sosai, ina roƙon su zauna da maharba da makiyaya da masu saƙar zana, su rubuto kalmar, da garin da aka ji ta, da jimlar da aka faɗe ta a ciki, a sa mata alamar karin sauti da tsawon wasali, a miƙa wa editan wannan mujalla kafin fitowa ta gaba.